Filin Tambaya da Amsa: "An hana mu yi mata magana da hannu har sai an dasa mata na'ura"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama, ya aiki ya ɗawainiya da mu, Allah ya saka da alheri. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, ƙanina ne ma yake taya ni rubutun a wayarsa. 'Yata ce ta fari (kin san ba ma faɗin sunan), shekararta 2 da wata 3, tun tana wata 8 na fara zargin wani abu don ko an buga ƙyauren langa-langa ko maƙota sun tada injin niƙa ko motsi ba ta yi, Inna tace nauyin baki ne irin na dangin babanta wai shi ma sai da ya shekara 3. Mun yi rubutu mun yi hayaƙi, daga baya dai muka je Kano aka yi mata gwaji tana barci aka liƙa mata wayoyi a kai, aka ce duka kunnuwan ba ta ji, ko abin maƙalawa a kunne mai ƙara sauti da aka gwada wata 4 bai yi komai ba. Likita yace sai dai a yi mata aiki a dasa na'ura a cikin kunnen, kuɗin kuwa ko gonarmu da shanun huɗa aka haɗa ba za su kai ba, amma yayan maigidana da ke Abuja yace a jira zai nemo taimako. To abin da ya dame ni wani ma'aikaci a can yace kar mu kuskura mu riƙa yi mata magana da hannu, wai in ta saba ko an saka na'urar ba za ta buɗe baki ba. Yanzu maigida ya hana kowa, ita kuma in tana son ruwa ta nuna baki aka ƙi kula ta sai ta faɗi ƙasa ta yi ta birgima, ni kuma sai in ja ta ɗaki in yi mata a ɓoye. Malama laifi nake yi? Kuma da gaske in an saka na'urar shikenan ta warke?

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Ba laifi kike yi ba sam, ni ma dai so nake abin nan da kike yi a ɗaki ya fito tsakar gida, kowa ya shiga ciki har Inna.

Bari in fara da birgimar nan don ita ta fi taɓa ni a wasiƙarki. Yarinyar nan ba rigima take ba, magana ce ta cika mata ciki babu ƙofar fita. Mutanenmu suna haɗa abu biyu su ɗauka ɗaya ne, wato yare da kuma furuci. Furuci shi ne abin da baki ke fitarwa, yare kuwa shi ne abin da ƙwaƙwalwa ke tunani da shi, da shi yaro ke sanin jiya da gobe, nawa da naki, me ya sa kaza, ina Baba ya tafi. Ƙwaƙwalwa ba ruwanta da ta inda yaren ya shigo, ko ta kunne ko ta ido, ita dai ya shigo da wuri, don shekarun nan na farko har zuwa wajen 5 su ne ruwan shuka, kin fi ni sanin abin da ke faruwa da geron da aka shuka bayan damina ta yi nisa. To yanzu ki lissafa, yayan maigida bai ce wata kaza ba, cewa ya yi a jira, jiran nan zai iya zama wata 6 zai iya zama shekara 2 zai ma iya ƙin zuwa kwata-kwata, Allah dai ya hore masa, amma duk wannan tsawon lokacin kunne a rufe, hannu kuma an hana, da me ake so ta san sunan abubuwa? Yaran da aka bari a haka su ne ake kai su makaranta suna da shekara 8 ko 9 ba su san suna da suna ba, sai a ce ai kurma ba ya gane karatu, alhali ba kurumtar ba ce ta yi musu haka, zaman shekaru babu yare ne.

Yanzu na'urar. A can cikin kunne bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi a naɗe kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, cikinsa ruwa ne da wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 15,000, su ne ke mai da sauti ya zama saƙo zuwa jijiyar ji. In sun mutu ba sa sake tsirowa, shi ya sa abin maƙalawa bai yi mata aiki ba, shi ƙara ƙarfin sauti kawai yake yi kamar lasifikar masallaci, in babu mai karɓa a ciki ko an ƙure ta banza ne. Ita na'urar dashe tsallake matattun ƙwayoyin take yi. Gida biyu ce, akwai na ciki da likita zai binne ƙarƙashin fata bayan kunne ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar, wayar tana da 'yan bakuna masu aika saƙo ga jijiyar ji tsakanin 12 zuwa 22 ya danganta da kamfanin, sai na waje da ake rataya wa a kunne mai ɗaukar sauti ya mai da shi lantarki ya tura ciki ta wani faifai da ke manne a kai da maganaɗisu. Ba sabon abu ba ne, tun 1978 wani likita Graeme Clark ya dasa wa wani mutum irin mai bakuna da yawa a Ostireliya, Amurka kuma ta amince a yi wa yara 'yan shekara 2 a 1990, yanzu har 'yan wata 9 ana yi wa. Kuma gaskiya tana aiki, ba zan rage mata daraja ba, yara da yawa da aka yi wa da wuri suna magana suna amsa waya suna karatu da sauran yara.

Amma ki ji, bakuna 22 ne a madadin ƙwayoyi dubbai, to sautin da za ta ji ba irin naki ba ne, kuma ba ranar aiki ake kunnawa ba sai bayan sati 2 zuwa 4 in wurin ya warke, ranar da aka kunna ɗin ma ba "Mama" za ta ce ba, ƙila ma kuka za ta fashe da shi don tsoro, don a wannan ranar kunnenta jariri ne ɗan kwana ɗaya, sai ta koyi cewa wannan ƙarar akuya ce wannan ta turmi ce wannan muryarki ce. Daga nan sai zirga-zirgar komawa asibiti ana saita na'urar a kwamfuta, a shekarar farko sau da yawa, ga zaman koyon magana da ake so a riƙa yi a kai a kai shekara da shekaru, ke kuma daga ƙauyenku sai kin hau babur zuwa bakin titi kafin motar Kano. Ga batir, na yarwa kwana 2 ko 3 yake yi, na caji kuma kullum sai an yi, in babu sola a gida sai dai wajen mai cajin waya. Ga ƙurar hunturu ga gumin bazara, ga 'yar wayar waje da ke tsinkewa a hannun yara kuma ba a kasuwar ƙauye ake sayenta ba. Kuma duk daren Allah za a cire in za ta kwanta, yawanci a cire in za a yi wanka, da an cire ta koma kurma kamar yadda take yau. To amsar tambayarki ta biyu kenan, ba warkewa ba ce, kurma ce mai na'ura, kuma in ta farka da zazzaɓi ƙarfe 2 na dare ko na'urar ta lalace aka yi wata 3 ana jiran kayan gyara, da hannu za ta gaya miki inda ke mata ciwo.

Wani abu kuma da ba kasafai ake faɗa wa iyaye ba, na'urar nan ba ta iya kawo hawa da saukar murya da kyau, mu kuwa Hausa da wannan muke rarrabe kalmomi, kukan yaro da kukar miya, fara ta ci da fara ta launi da fara aiki. An ga wannan wahalar a yaran Sin masu na'ura don su ma yarensu haka yake. Yaro yana koya a hankali daga yadda maganar ta zo, amma in hannu na tare da shi ya nuna wace kukar ake nufi ai an rage masa hanya.

Shi ma'aikacin da ya ba ku shawara ba daga kansa ya ƙirƙiro ba, tsohuwar magana ce. A 1880 aka yi wani taron malaman kurame a Milan ta Italiya aka yanke cewa a daina koyarwa da hannu sai baki zalla, aka yi kusan shekara 100 ana haka a ƙasashe da yawa, har ana dukan hannun yara ana sa su zauna a kan hannayensu, sai a 2010 taron ya fito a Kanada ya janye wancan hukuncin ya nuna nadama. Don in yi adalci, har yanzu masana ba su gama jayayya ba, a 2017 an buga wani bincike a Amurka kan yara 97 masu na'ura aka ga waɗanda ba a yi musu hannu ba sun fi iya furuci, irinsa ne likitoci ke riƙewa. Sai dai wasu masanan sun ce a dakata, ai sau da yawa yaron da na'urar ba ta karɓe shi sosai ba shi ne iyayensa ke ci gaba da hannu, to wanne ya jawo wanne? Kuma a 2014 an duba wasu yara 5 masu na'ura waɗanda iyayensu kurame ne, tun ranar haihuwa da cikakkiyar maganar hannu suka tashi, aka gwada Turancinsu na baki aka ga sun yi kafaɗa da kafaɗa da yara masu ji. Yara 5 ba yawa ba ne na sani, amma in da hannu na kashe baki ai su ya kamata ya fara kashewa. Ni a nawa ganin, ko da wancan binciken na 2017 ya yi daidai ɗari bisa ɗari, yaran da aka duba an riga an dasa musu kafin su cika shekara 3 ko daf da haka, ga asibiti kusa ga wuta ga masu koyar da magana, ba su ne 'yarki da ke jiran alkawari ba. Abin da ke hana yaro mai na'ura magana shi ne a makara ba a dasa ba, ko a dasa ya ƙi sakawa yini guda, ko a saka amma ba mai zama ya yi ta yi masa hira. Ɗan Fulanin da ya tashi da Fulatanci a ruga da Hausa a kasuwa wanne ya hana shi wanne?

To ga yadda za ki yi daga yau. Duk abin da za ki nuna da hannu ki faɗe shi da baki a lokaci guda, ki durƙusa daidai tsayinta, fuskarki a cikin haske ba ki juya wa rana ko fitila baya ba, ki taɓa kafaɗarta ta kalle ki tukunna. Kar ki tsaya a ruwa da tuwo da zo da tafi, ki ba kowa a gidan suna na hannu, Baba mai hula, Inna mai carbi, ita ma ki ba ta nata, ki ba ta labarin abin da ya wuce, akuya ta haihu jiya, gobe kasuwa, ki tambaye ta ki jira amsa. Kuma alamun da kike ƙirƙira ke kaɗai za su ƙare miki nan da 'yan watanni, dole ki nemi masu yaren. Alhamdulillahi mu a ƙasar Hausa ba aro za mu yi ba, muna da maganar hannu tamu tun kaka da kakanni wadda wasu ke ce wa maganar bebaye, har wata Bajamushiya Constanze Schmaling ta zauna da kuramen Kano ta yi bincike ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000, yare ne cikakke mai ƙa'idojinsa. Na tabbata in kika tambaya a garinku ko ƙauyen kusa ba za a rasa wata babbar mace kurma ba, mai kitso ko mai ƙuli-ƙuli, ki jawo ta jiki ta riƙa shigowa gidan, wallahi abin da za ta koya wa yarinyar a wata ɗaya ke ba za ki iya a shekara ba, kuma yarinyar za ta ga babba irinta mai aure mai sana'a.

Shi kuma maigida kar ki yi masa fito-na-fito, tsoro ne ya sa ya hana, tsoron kar a ce 'yarsa bebiya, kuma an gaya masa a asibiti. Ki sa ƙaninki ya karanta masa wannan amsar bayan isha, in bai gamsu ba ku koma sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ya yi tambayar da bakinsa. In kun je ku tambayi har da waɗannan: an yi hoton kai an ga jijiyar ji tana nan lafiya, don in babu ita na'urar ba ta da abin kamawa? Wa zai riƙa saitawa kuma a wane gari? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da batir da kayan gyara da koyon magana na shekara nawa? An yi mata rigakafin sanƙarau da ake so a yi kafin aikin? Shi kuma yayan maigida a gaya masa da ladabi cewa lokaci na tafiya, binciken da aka yi kan ƙwaƙwalwar yara ya nuna dashen ya fi kyau kafin shekara 3 da rabi, bayan 7 kuwa amfanin yana raguwa sosai ga wanda aka haifa ba ya ji.

TAMBAYA: Malama ni malamin firamare ne a yankin Sumaila. Ɗan wana ne ɗan shekara 6, sanƙarau ya kama shi da zafin nan da ya wuce, Allah ya tashe shi amma ya daina ji gaba ɗaya, da bakinsa tar yake magana har ya kai izu 2, yanzu maganar ta fara lauyewa. Dangi sun ce a bari zuwa bayan girbi a ga ko zai dawo.

AMSA: Malam don Allah kar a jira girbi, satin nan a kai shi wajen likitan kunne. Sanƙarau daban yake da sauran, bayan ciwon katantanwar kunnen tana iya fara cikewa da ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni, in ta toshe wayar na'urar ba ta samun hanyar shiga ko ta shiga rabi. Mun ga abin da ciwon nan ya yi a 1996, sama da mutum 100,000 ya kama a Arewa ya kashe sama da 11,000, kuma cikin waɗanda suka tashi da yawa haka ya bar su ba ji. Yaronku yana cikin waɗanda na'urar ta fi yi wa amfani don ƙwaƙwalwarsa ta riga ta san Hausa da sautinta, tunatarwa kawai take buƙata. Kafin nan ku ci gaba da sa shi magana da karatunsa ko ba ya jin kansa, lauyewar nan don ba ya jin muryarsa ne. Ka zaunar da shi layin gaba, kar ka yi bayani kana fuskantar allo, ka rubuta masa, kuma ku fara hannu yanzu kai da abokansa biyu ko uku na aji, don abin da ya fi cin yaro irinsa shi ne jiya yana cikin hira yau yana kallon bakuna suna motsi. In kuɗin dashe bai samu ba, da hannun da rubutun zai yi karatunsa.

TAMBAYA: Jikata ce 'yar shekara 14, kurma aka haife ta, tana makarantar kurame. In ta zo hutu hannun da take yi daban da wanda muka saba yi da ita a gida, har tana mana dariya. Wanne ne daidai? Kuma ita ma za a iya saka mata na'urar ta yi magana? Daga wani dattijo a Kafin Hausa.

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Duka biyun daidai ne. Na makaranta asalinsa na Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya shigo da shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, daga nan ya bazu, makarantun kurame na Arewa irin ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977 su ma da shi ake koyarwa, yana da harrufan ABCD na yatsu shi ya sa ya dace da boko da jarrabawa. Na gida kuwa shi ne namu, da shi za ta yi ciniki ta gaisa da dangi, kar ta raina shi. Batun na'ura, a shekara 14 ga wadda ba ta taɓa ji ba, za ta iya jin ƙarar mota ko a kira ta ta waiwaya, amma ta zo tana magana kamar ni da kai abu ne mai wuya ƙwarai, kuma ita ce za a fara tambaya ko tana so, don kanta za a yi wa aiki. In da kuɗin a hannu ni da na ce a zuba a karatunta har gaba da sakandare, akwai Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Tarayya a Oyo da ke horar da malaman kurame. Wannan hutun kuma Baba ka ce ta koya maka yadda ake rubuta sunanka da yatsu, harafi biyar ko shida ne, ka bar ta ta yi dariyarta in ka kuskure.